Moɗar Kawu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Alhamis bayan azahar, a gidansa na Sabon Gari, yana zaune ya jingina da bango, hularsa a kan gwiwa. Yayan Inna ne, mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Washegari Juma'a, ranar kasuwar Wudil, sai ga mutane sun bar shanunsu a kara a hannun dillalai, sun zo sun cika mana layi har babur ba ya iya wucewa.

Ina cikin gida wajen mata, amma ta ƙofar zaure ina hango na waje. Mahauta sun zo da rigunan aikinsu, ba su tsaya canzawa ba. Tsohon makaɗin da ya yi shekaru yana yi wa Kawu kalangu ya zauna a gefen tabarma yana ta buga yatsu a cinyarsa, bai ma san yana yi ba. Wata tsohuwa daga Indabo ta kama hannun Inna ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya yafe masa dukan da ya yi wa bayin Allah." Inna ta amsa da amin ɗin da ya fi duk sauran ƙarfi. Sai wani dattijo daga Dagumawa, mai karkataccen muƙamuƙi, ya roƙi a shigo da shi ya yi wa matar Kawu gaisuwa. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ya haƙuri? Shi ya karya mini bakin nan, amma wallahi yau ni ne maraya." Ya fashe da kuka, matan da suka daɗe suna danne nasu suka saki.

Ni ban yi kuka ba a ranar. Tsoro ne ya hana ni. Dattijon nan ya ƙi ruwan leda, ya ce na randa yake so, sai ɗana na fari ya tashi ɗebo masa. Shekararsa ashirin da huɗu. Kawu ne ya raine shi, ya koya masa faɗa, yanzu yana cikin masu wasan keji da ake yi a Legas, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa a wasa ɗaya. Na ga ya cika kofi, kafin ya ɗaga ƙafa sai ya juya baya, ya sunkuya ya kurɓi bakin ruwan, ya goge wurin da yatsa, sannan ya tafi. Ba wanda ya lura. Ni kuwa na gane, don ni kaɗai Kawu ya taɓa gaya wa abin da irin wannan kurɓar take ɓoyewa. A waje abokan ɗana suna ta faɗin saura mako uku wasansa, kuma wai don Kawu zai yi shi.

Yaran yanzu sun san Kawu ne a tsoho mai rawar hannu, wanda ake riƙowa a tsallakar da shi titi. Abin yana ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki biro.

Gidanmu gidan fawa ne, dambe kuwa gadonmu ne tun kakanni. Amma Kawu bai tsaya inda aka tsaya ba. Yana saurayi, idan kakar dambe ta wuce, maimakon ya huta sai ya tafi Indabo wajen manoma masu kokawa, ya bari su yi ta kayar da shi har ya gane yadda ake yi. Daga baya ya ƙara da shuri, wanda ya koya wajen wani tsohon soja. 'Yan dambe suka yi ta yi masa dariya, suna cewa me ya kai namiji rungumar ƙato. Ya zaga Katsina da Sakkwato har cikin Nijar da zarensa a aljihu, zaren da ɗan dambe ke naɗe hannunsa da shi. Da aka tara masu faɗa iri-iri a Legas aka ce kowa ya zo da abin da ya iya, sai ga shi duk abin da suka iya ya iya. Ya dawo da kambu, an tarye shi tun daga gadar Wudil. Kambun nan matarsa ta naɗe shi a zani ta tura ƙarƙashin gado, ta ce yana tara mata ƙura.

Tsoronsa muke ji muna yara, alhali bai taɓa ɗaga wa ɗayanmu hannu ba. Muryarsa ma ƙasa-ƙasa take, sai ka matso kake ji. Hannun ne abin tsoro. Idan ya dafa kaina yana sa mini albarka, har kunnuwana yake rufewa. Da na zama malamar firamare ya laƙaba mini Malama, gida kaf aka ɗauka. Idan na je gaishe shi sai ya ce, "Malama, kin fi ni dukan mutane, ni dai manya nake duka." Almajiransa na faɗa kuwa magana ɗaya yake nanata musu: kada su kalli idon abokin karawa, su kalli gwiwarsa, inda gwiwa ta karkata daga nan naushi zai fito.

Sau ɗaya na ga wasansa, ina 'yar shekara goma sha biyu. Da la'asar ne, a filin bayan kasuwa, na saci jiki na kutsa cikin mutane. Abokin karawarsa shi ne dattijon Dagumawan nan, a lokacin ƙato ne mai ji da kansa. Ban ga naushin ba, ƙararsa na ji, irin ƙarar da gatari ke yi a kan ƙashin saniya. Mutumin ya zube, bakinsa ya koma gefe guda. Fili ya ɗauki ihu, makaɗi ya saki kalangu, ni na tsuguna na yi amai. Kawu bai zaga fili ba kamar yadda ake yi. Da haƙori ya kwance zarensa, ya saɓi mutumin a baya ya fita da shi neman mota. Tun daga ranar, duk Juma'a sai ya aika Dagumawa da hanta da dakakken nama, don mutumin bai sake iya tauna tsoka ba. Mu kanmu sai a zaman makoki muka ji wannan daga bakin mai karɓa.

Akwai wata moɗa ta ƙarfe a gidan Kawu, bakinta ya ɗan lotsa, ba a shan ruwa da ita. Duk wanda Kawu ya naɗa wa zare, idan ya dawo daga wasa, ko ya ci ko an ci shi, ba sannu ba madalla sai ya bi ta kan moɗar nan. Kawu zai cika ta da kansa har ruwa ya yi tozo a baki, ya miƙa wa mutum a hannun da yake duka da shi, ya ce ya taka daga randa zuwa gindin darbejiyar da ke ƙarshen tsakar gida. Taku goma sha biyu ne. Idan ɗigo ya zuba, ba shi ba fili sai wata kakar. Idan ya sake zuba a wata kakar, shi ke nan, ya koma kan teburin nama. Kawu ya ce dukan da kai ya sha ba ya nuna kansa a fuska, a hannu yake fara fitowa. Na ga ƙarti masu gemu suna kuka a gindin darbejiyar nan, na ga ubannin wasu sun zo da faɗa, bai taɓa sassauta wa kowa ba.

Rigimarsa da Inna a kan ɗana ce. Ɗan fari ne, kunya ba ta barina in riƙe shi, ko sunansa ba na faɗa, shi ma Malama yake ce mini kamar kowa. Da aka yaye shi Kawu ya ɗauke shi. Ranar da Inna ta ji an fara naɗa masa zare, ta yafa mayafi ta ja ni muka tafi. Na tsaya a bayan ƙyaure kamar ba ɗana ake magana ba.

"Yaya, ba ka ƙoshi ba?" in ji Inna. "Ka ga yadda dambe ya ƙarar da Babanmu, ka ga na Dagumawa. Yanzu jikan nawa za ka kai a farfasa?"

"Ko na hana shi zai je," in ji Kawu. "Gara ya je ta hannuna."

"Hannunka ɗin me? Hannunka asibiti ne?"

Ya nuna moɗar da ke rataye a ƙusa. "Ranar da ya zubar da ɗigo ɗaya, ni zan kwance masa zare, ko duniya za ta taru a kaina. Na yi miki wannan alkawari."

Inna ta yi wata uku ba ta taka gidansa ba. Ni kuma na kwanta a kan alkawarin nan shekara da shekaru. Duk sanda ɗana ya dawo daga wasa, abin da nake tambayar matar Kawu ke nan a kaikaice: an yi moɗa? Ta ce an yi, bai zubar ba. Sai in sami natsuwa.

Sannu a hankali Kawu ya fara canzawa. Da fari wuƙa ce ta riƙa kuɓuce masa a kan teburin nama, har ya yanke yatsa ya bar kasuwa. Sai mantuwa. Wata rana da hantsi aka tsince shi a kan gada yana kallon kogi, yana tambayar masu wucewa hanyar Sabon Gari, unguwar da ya yi shekara hamsin a cikinta. Wanda ya fi tayar mini da hankali ranar wani biki ne a maƙwabta. Ina gidan Kawu, makaɗa suka saki kalangu, sai Kawu ya miƙe zumbur, ya ware ƙafa, ya miƙa hannun hagu gaba, ya ja na dama baya. Matarsa tana tahowa da kwanon tuwo. Idonsa a kan gwiwarta yake. Na san abin da wannan kallon yake nufi, na kasa ko motsi. Ita ce ta tsaya cak ta ce a hankali, "Malam, ni ce. Tuwo ne." Ya daɗe a haka kafin hannun ya sauka. Ya zauna ya rufe fuska da hula. Likita ya ce dukan da kansa ya sha ne shekaru da yawa, ba abin da za a iya sai lallaɓawa.

Amma yakan sami ranakun da hankalinsa ke dawowa tas. A irin wannan rana ce, wata huɗu kafin rasuwarsa, na biya bayan an tashi daga makaranta na same shi a gindin darbejiya.

"Malama, zo ki zauna. Zan gaya miki abin da ban gaya wa uwarki ba."

Na zauna a bakin tabarma.

"Moɗar nan ta maigidana ce, wanda ya fara naɗa mini zare. Ni ma ya sa ni na ɗauka. Bayan wani wasa a Katsina na dawo, ya cika ta ya ba ni. Ina karɓa na ji hannuna ba nawa ba ne. Sai aka yi sallama a zaure, ya waiwaya ya amsa. Kafin ya juyo na kurɓe bakinta."

"Kawu, kurɓa ɗaya?"

"Ɗaya tak. Na kai ta gindin bishiya ba ɗigo, ya ce madalla. Na ƙara kaka shida ina wasa, har da na Legas. Kambun da kuke taƙama da shi, bayan kurɓar nan na ciyo shi." Ya ɗaga hannuwansa biyu suna karkarwa, ya tsura musu ido. "Ga abin da na saya."

Ya sa na ciro moɗar daga ƙusa, ya tura mini ita da bayan hannu. "Tafi da ita. Naki hannun ba ya rawa. Ki cika ta sosai."

Na ce to. Kafin in gama naɗe ta a mayafi ya fara kirana da sunan wata ƙanwarsu da ta rasu tun ban zo duniya ba. Sai na ɗauka duk maganar cikin ruɗewa ce. Na kai moɗar gida na ɗora a kan kwaba, na manta da ita. Malamar da ke kama yaro yana satar amsa daga ƙarshen aji, an ba ta amsa a hannu ta kasa karantawa. Har gobe ina jin haushin kaina.

Sai ranar makoki, da na ga ɗana ya kurɓi ruwan baƙo, maganar ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Kwana shida ina binsa da ido. Na ga yana karɓar shayi da hannu biyu. Na ga ya daina sa riga mai maɓalli. Na ga idan ya zauna yakan danne hannun damansa a ƙarƙashin cinya. Ko tuwo na daina ci, mata suna cewa rashin Kawu ne ya taɓa ni haka.

Washegarin sadakar bakwai, da hantsi, baƙi sun watse, na zo gidan Kawu da moɗar a cikin mayafi. Ɗana yana tsakar gida yana shanya kayan wasansa a kan igiya, jakarsa a buɗe a bakin ƙofa. Inna da matar Kawu suna zaune a rumfa. Tunda na haife shi ban taɓa tsayawa gaba da gaba na yi masa magana a gaban manya ba. Na je bakin randa, na cika moɗar har ruwa ya yi tozo.

"Kai," na ce. "Zo ka karɓa."

Ya juyo, ya ga abin da ke hannuna, ya yi 'yar dariya. "Malama, ai na wuce wannan. Kawu da kansa ya sha gwada ni."

"Zo ka karɓa. Da hannun dama. Kuma kada ka kai bakinka."

Dariyar ta ɗauke. Inna ta ajiye carbinta. Ya zo ya karɓa, ina kallon ruwan, shi yana kallon darbejiya. Taku ɗaya, taku biyu. A na uku ruwan ya fara rawa, a na huɗu ya gangaro ta bayan yatsunsa ya sauka a ƙasa. Bai tsaya ba. Ya ci gaba da tafiya, ruwa na bin gwiwar hannunsa, har ya kai gindin bishiyar. A bayansa ga layin ɗigo a kan turɓaya tun daga inda ya fara.

"Iska ce," in ji shi. Ko ganye ɗaya ba ya motsi.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Wasa uku ke nan."

"Kawu bai gani ba?"

"Kawu ba ya iya cika ta," ya ce. "Kafin ya miƙo mini, rabi ya zube a hannunsa. Rabin moɗa kowa zai kai. Ni kuma ban ce masa komai ba."

Matar Kawu ta sa mayafi ta toshe bakinta. Ita ce take ce mini an yi, bai zubar ba, kuma gaskiya take faɗa. Nan na gane Kawu ya san alkawarin da ya yi wa Inna ya fi ƙarfin hannunsa, shi ya sa ya nemi wani hannun. Wata huɗu moɗar tana kan kwabata, a cikinsu ɗana ya shiga keji sau ɗaya an daki kansa.

Na zauna a ƙasa a gabansa, na gaya masa labarin Katsina da sallamar da aka yi a zaure, kamar yadda Kawu ya gaya mini. Na gaya masa ranar kalangu da kwanon tuwo, wadda aka ɓoye masa don yana Legas. Na ce, "Kambun yana ƙarƙashin gado, je ka ɗauko ka duba, sannan ka tuna wanda aka tsinto a kan gada."

Ya ce an riga an buga hotonsa, an sanar, mutane za su ce tsoro ya ji. Na ce su faɗa, ni uwarsa tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ban taɓa kiran kaina uwarsa a gabansa ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago sai ya miƙo mini moɗar.

"Umma, sake cikawa."

Na sake. Ta zube a taku na biyar. Ya ce a sake, ta zube a na uku.

Yau kwana ashirin da rasuwar Kawu. Motar da za ta kai ɗana Legas ta tashi jiya ba shi a ciki. Ya yarda mun je ganin likita a Kano, amma bai ce ya bar faɗa ba, jakarsa ma ya ƙi kwance ta. Dokar Kawu ta ba shi sai wata kakar, kuma ya riƙe wannan gam. Kullum da hantsi yakan zo ya tsaya a bakin randa, ni kuma in ciro moɗa. Abin da nake tsoro yanzu shi ne ranar da zai kai ta gindin darbejiya ba ɗigo, don ban san ko zan iya cika alkawarin ta wancan gefen in bar shi ya tafi ba. Ina kuma tsoron ranar da tausayi zai sa in rage ruwan.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurɓar da ya yi, ya saka masa da alheri saboda duk ƙartin da ya kora suna kuka, waɗanda yau suke cin tuwo da hannunsu. Ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Ni kuma ku sa ni a addu'a. Yau da safe da nake cika moɗar, na ga ruwan yana rawa tun yana hannuna.